Askin kariyar da ke cikin tukunya

A yawon da muke yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci a garin Difa da ƙauyukan bakin Komadugu, muna ganin kariya a gidaje da yawa. Ita ce ƴar itaciyar nan mai kaurin gindi kamar ƙaramar kuka, mai jan fure da fari a tsakiya. Wasu sun dasa ta a tsohon tulu, wasu a rabin jarka. Tun shekarar 2015, da rashin zaman lafiya ya taso mutane daga Boso da Yebi da kewaye, iyalai da yawa suna zaune a filin da ba nasu ba. Shukar da ke cikin tukunya kuwa, in za a tashi, ana ɗaukar ta.

Kukan da muke ji ɗaya ne: kariya ta yi tsawo, ta zama sanda, fure kaɗan. Dalili shi ne, a kan bakin reshe take fure. Idan aka yanke reshe ɗaya, sau da yawa biyu ko uku suke fitowa a wurin. Yawan rassa, yawan fure.

Amma sai an lura da lokaci. Kada a yanke ta cikin sanyin hunturu, domin a lokacin ba ta girma. Kada kuma a yanke ta cikin damina. Jikinta cike yake da ruwa, in ruwan sama ya shiga sabon yanka sai ta ruɓe. A nan wajenmu ruwa ba ya zama sosai sai watan Yuli. Saboda haka a yi askin da bazara, bayan fure ya ragu, yadda ciwon zai bushe kafin ruwa ya sauka.

A wasa wuƙa, a wanke ta da sabulu. A fara cire reshen da ya bushe da wanda ya yi laushi. Sa'an nan a rage dogayen. A yi yankan a karkace, kaɗan sama da ido, wato wurin da ganye ya taɓa fitowa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. A barbaɗa toka a bakin yankan, a ajiye tukunyar inda iska ke bugawa, a yi kwana uku ko huɗu ba a ba ta ruwa ba. A duba kuma ko gindin tukunyar yana da huda. Mu manoman tattasai mun saba da yawan ban ruwa, ita kuwa kariya yawan ruwa ne ke kashe ta.

Yanzu ga abin da ya sa muka kawo wannan magana a shafin lafiya. Ruwan da ke fita daga jikin kariya dafi ne. Maharban dā da shi suke haɗa dafin kibiya, kuma zuciya yake taɓawa. Mai yanka ya sa leda a hannu, kada ya taɓa ido ko baki sai ya wanke hannu da sabulu. Wuƙar ma a wanke ta sosai kafin ta koma madafa. Rassan da aka yanke kada a zubar da su a tsakar gida, inda yaro mai rarrafe ko akuya za su samu. A haƙa rami a binne su.

Idan ruwan ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15. Idan yaro ya tauna, kada a jira sai ya fara amai, kada a tsaya maganin gida. A kai shi likita nan take, a tafi da guntun reshen a nuna.

Wanda yake son ƙarin kariya, ya ware reshe ɗaya mai lafiya. Ya shanya shi a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa, har bakin yankan ya bushe, sa'an nan ya dasa shi cikin rairayi.