Yadda ake tafiya da jita a jirgin sama ba tare da ta karye ba

A watan Maris na 2008, wani mawaƙi ɗan ƙasar Kanada mai suna Dave Carroll yana zaune cikin jirgin kamfanin United a filin jiragen sama na O'Hare da ke Chicago a Amurka, sai ya ji wata fasinja tana cewa ga ma'aikata can suna jifa da jitoci. Da ya isa inda za shi, ya tarar jitarsa ƙirar Taylor, ta dala 3,500, ta lalace. Ya shafe kimanin watanni tara yana neman diyya, kamfanin ya ce bai kai ƙorafi cikin sa'o'i 24 ba. Sai da ya fitar da waƙa a YouTube a Yulin 2009, miliyoyin mutane suka kalla, sannan aka saurare shi.

Jitar Carroll a ƙasa ta gamu da matsala, a hannun masu loda kaya, kuma nan ne mafi yawan kayan kiɗa ke lalacewa. Ɗakin kaya na manyan jiragen fasinja yana da daidaitaccen matsin iska kamar inda mutane ke zama, don haka tsoron da wasu ke yi cewa jita za ta fashe a sararin samaniya ba shi da tushe. Abin tsoro shi ne faɗuwa daga bel ɗin kaya, da danniyar manyan akwatuna, da zaman jira a rana a gindin jirgi.

Jitar katako, wadda ba ta buƙatar lantarki, raunin jikinta ne ke ba ta zaƙin murya. Kaurin allon fuskarta bai wuce milimita uku ba, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida da ke kanta suna jan ta da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana. Inda ta fi saurin karyewa shi ne mahaɗar wuya da kai, wajen da maɗauran tsirkiya suke. Idan akwati ya faɗi, wuyan yana tsayawa a kan matokarinsa, kan kuma, da nauyin maɗauran ƙarfe, ya fizga gaba, sai katakon ya tsage. Shi ya sa ake iya buɗe akwati lafiya lau, babu ko ƙwarzane a bayansa, a iske kan jita a karye.

Saboda haka shiri yana farawa daga akwati. Jakar yadi ta wadatar idan an tabbata jitar za ta shiga cikin jirgi tare da mai ita. Idan akwai yiwuwar a saukar da ita ɗakin kaya, sai akwati mai tauri. A cusa riguna masu laushi a ƙarƙashin kan jitar da samansa har ya daina motsi, a cike duk wani gurbi a gefen jikinta, a sa ƙyalle tsakanin tsirkiyoyi da wuya. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe akwatin a girgiza, idan an ji wani abu ya motsa, da sauran aiki. Filaya da abin yanke tsirkiya a raba su da jitar, domin masu bincike na iya hana shiga da su, in kuma suka kuɓuce cikin akwati sukan yi ɓarna.

Batun sassauta tsirkiya kuwa, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu masu ƙera jita na cewa babu buƙata, tunda a ɗaure suke aika sababbin jitoci ko'ina a duniya. Masu gyara da yawa sun fi son a ɗan sassauta kaɗan don rage jan da ke kan wuya idan aka samu faɗuwa. Wannan matsakaicin ra'ayi ya fi kama hankali. Abin da bai dace ba shi ne a kwance su gaba ɗaya na tsawon lokaci, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da aka saita ta yi jayayya da tsirkiyoyin.

Mafi aminci dai shi ne jita ta kasance tare da mai ita. A Amurka doka ta tanadi haka: wata dokar sufurin jiragen sama ta 2012, wadda ƙa'idojinta suka fara aiki a Maris na 2015, ta wajabta wa kamfanonin jiragen ƙasar barin fasinja ya shiga da ƙaramin kayan kiɗa irin jita ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin zai shiga ma'ajiyar saman kujera kuma akwai wuri a lokacin da ya hau. Wanda ya makara a layi, ma'ajiya ta cika, dokar ba za ta cece shi ba. A wasu wuraren kuma abin ya rataya ne ga sharuɗɗan kowane kamfani, don haka matafiyi ya bincika kafin ya sayi tikiti, ya riƙe amsar a rubuce. Ya tambayi irin jirgin ma. Ƙananan jirage irin su Embraer 145 da ATR, da ake amfani da su a wasu hanyoyin cikin gida na Najeriya, ma'ajiyarsu ba ta ɗaukar cikakkiyar jita. A irin wannan hali gara a roƙa a miƙa ta a ƙofar jirgi, a karɓe ta a nan idan an sauka, ta tsallake doguwar hanyar bel. Masu jita mai tsada sukan saya mata kujera sukutum.

Akwai kuma abokin gaba da ba ya ƙara, wato bushewa. Katakon jita ya fi samun lafiya idan laimar iska tana tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar cikin jirgi kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20. Tafiyar sa'a ɗaya da rabi ba ta da wani lahani idan akwati a rufe yake. Abin lura shi ne inda aka sauka. Jitar da ta saba da laimar Legas ko Fatakwal, idan ta sauka Kano ko Sakkwato a tsakiyar hunturu, katakonta zai tsuke cikin 'yan kwanaki, fuskarta na iya tsagewa. Ɗan soso mai danshi a cikin kwalin sabulu da aka huda, a ajiye cikin akwatin ba tare da ya taɓa katako ba, yana maganin wannan. Wanda ya sauka ƙasa mai tsananin sanyi kuma ya bar akwatin a rufe na 'yan sa'o'i a ɗaki kafin ya buɗe, kada fentin ya daddare.

Bincike ma yana da nasa haɗarin. A Fabrairun 2020 fitaccen makaɗin kora na Mali, Ballaké Sissoko, ya koma Paris daga rangadi a Amurka, ya tarar korarsa a wargaje cikin akwatinta. Ya zargi jami'an binciken Amurka, su kuma suka musanta. Masu tafiya da gurmi, garaya ko goge, waɗanda jami'in waje bai taɓa gani ba, su nemi a duba kayan a gabansu, su kuma ɗauki hotonsa kafin rufe akwati.

Idan ƙaddara ta faɗa, kada a bar filin jirgi kafin a buɗe akwati a cike takardar rahoton lalacewar kaya. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ba fasinja kwana bakwai ya kai ƙorafi a rubuce, kuma tana da iyakar diyya da a yanzu take kusan dala 2,000 ga kayan fasinja ɗaya. Jitar da ta fi haka daraja sai a bayyana ƙimarta tun a wajen awon kaya a biya ƙarin kuɗi, ko a yi mata inshora daban. Idan kamfani ya ƙi sauraro, sashen kare haƙƙin fasinjoji na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, yana karɓar ƙorafi, kuma za a buƙaci tikiti da lambar kaya da hotunan.