Saura Mutum Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga jirgi a bakin ruwan Yauri ranar kasuwa ya san muryoyi biyu. Ta farko ta ɗan kamasho ce. "Saura mutum ɗaya!" yake ta faɗa, ko da an jibga buhunan shinkafa, an ɗora babura biyu a kai, wata tsohuwa ta rungume kwandon kaji don ba wurin ajiyewa. Ta biyu ba ta da amo. Dattijon matuƙi ne, shi ba ruwansa da fasinja, gefen jirgi yake duba. Da ya ga ruwa ya kusa lasar katakon sama sai ya ɗaga hannu, ya ce ya isa.

Da irin waɗannan muryoyi jikin ɗan Adam yake tafiya. Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu don ta ga dama, sai an aiko mata da saƙo. Akwai wani furotin da masana ke kira RAS, shi ne ɗan kamasho: in ka yanke da wuƙa, yana cikin masu kiran a hayayyafa a cike gurbin, ciwo na warkewa ya yi shiru. Akwai kuma p53, wanda aka gano a 1979. Shi ne dattijon. In ya ga ƙwaya ta lalace ya tsayar da ita a gyara, in ta ƙi gyaruwa ya umarce ta ta mutu. Ciwon daji shi ne a wayi gari bakin ɗan kamasho ya ƙi rufuwa, dattijo kuma ba ya nan. Kusan rabin cututtukan daji, in aka bincika, ana samun p53 ya lalace.

Mutanen Ngaski ba sa bukatar a yi musu bayanin jirgin da ba mai cewa ya isa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa garinsu Wara da mutum fiye da 150 ya tsage a tsakiyar ruwa.

Sai dai a nan kwatancen ya gaza. Jirgi cikin mintoci yake nutsewa, kowa na gani. Na jiki kuwa shekaru yake yi ana lodi, ba wanda ya ji. Kuma a gaɓar tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam a 1968, akwai mai yin wannan lodi a ɓoye: tsargiya. Tsutsarta daga dodon koɗi take fitowa, ta huda fatar yaro yana wanka ko yana jan koma, ta girma a jijiyoyin jini kusa da mafitsara, ƙwanta ya maƙale a bangon mafitsarar. Kullum rauni, kullum kiran a gyara, har wata rana kiran ya ƙi tsayawa. Shi ya sa cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da ke haddasa dajin mafitsara.

Abin da ke ba ni haushi, har yanzu akwai gidajen da in yaro ya yi fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo, ko zafin rana. Alhali alamar tsargiya ce, maganinta kuwa praziquantel ne, wanda ake rabawa a makarantu. Iyaye, daga Shanga har Wara, in an zo rabo ku bar yaranku su sha. Babba kuma da ya ga jini a fitsarinsa, ya tafi asibiti a duba shi a makon nan.