Adireshi Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Kowace kwamfuta da ke hawa intanet tilas ta mallaki lamba, watau adireshin da saƙo zai same ta. Tsohon tsari, IPv4, wanda aka kafa a 1981, adireshi wajen biliyan 4.3 kaɗai yake iya bayarwa, kuma a watan Fabrairu na 2011 hukumar IANA ta rabar da ragowar da ke rumbunta. Sabon tsari, IPv6, lambarsa mai gurbi 128 ce maimakon 32, saboda haka babu fargabar ƙarewarsa.

Abin lura shi ne tsarin biyu ba sa jin harshen juna. Lamarin ya yi kama da 1973, lokacin da manoman auduga na Funtuwa da Malumfashi suka riƙa lissafi da fam da naira gaba ɗaya. Haka ake yi wa kwamfuta: a kunna mata tsarin biyu, kowanne da adireshinsa da ƙofar fitarsa. In shafin da ake nema yana da sabon adireshi, sai ta bi shi. In babu, ta koma tsohon.

Bisa ga wannan, ya wajaba ma'aikacin da zai saya wa ofis na'urar haɗi ya tabbatar tana ɗaukar tsarin biyu, kuma kamfanin sadarwa yana bayar da su, don kada kuɗin jama'a su salwanta.