Tushe da Haɗi da Gauraye: Rabe-raben Abubuwa da Darasin Dalma a Zamfara

Masana ilmin sinadarai sun tabbatar cewa kowane abu da ke da nauyi, ko dutse ne, ko ruwa, ko iska, an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ainun waɗanda ido ba ya iya gani. Su ake kira atam, watau ƙwayar zarra. Wani malamin Ingila, John Dalton, shi ya shimfiɗa wannan magana bisa ƙa'ida a littafinsa na 1808. Bisa ga yadda ƙwayoyin nan suke zaune da juna ne aka kasa abubuwa kashi uku. A nan za a kira su tushe, da haɗi, da gauraye.

Tushe shi ne abin da ƙwayoyinsa duka iri ɗaya ne, kamar zinariya, da dalma, da zaiba, da farar wuta. An san tushe 118, kowanne da lambarsa: zinariya 79, zaiba 80, dalma 82. Babban halin tushe shi ne, ba ya rikiɗa ya zama wani. Ko an niƙa shi, ko an ƙona, ko an jiƙa, ƙwayoyinsa suna nan yadda suke.

Haɗi kuwa shi ne inda ƙwayoyin tushe biyu ko fiye suka ƙulle da juna bisa wani ƙayyadadden awo, har suka haifi sabon abu mai halin kansa. Ruwa haɗi ne, ƙwaya biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin. Gishiri ma haɗi ne na sodiyam da kulorin. Kowane ɗayansu shi kaɗai abin cutarwa ne, amma haɗinsu ga shi a kowace tukunyar miya. Hannu ba ya raba haɗi, rariya ba ta raba shi.

Gauraye shi ne inda abubuwa suka cuɗanya kurum, kowanne yana riƙe da halinsa, ba kuwa wani awo da ya ɗaure su. Hausa tana da wadatar kalmomi a kan raba shi. Matar da ke aikin gero a Tudun Wadar Gusau takan sheƙe shi iska ta kwashe ƙaiƙayi, ta tankaɗe gari ta fid da tsaki, ta rairaye hatsi cikin ruwa tsakuwa ta kwanta. Mai ɗiban ruwan kogin Sakkwato a Bunguɗu da damina yakan ajiye shi laka ta kwanta, sa'an nan ya tace. Kowace kalma cikin waɗannan, dabara ce ta rabo bisa ga nauyi ko girman ƙwaya.

To, wankin zinariya ma rairaya ce. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19 da ɗoriya, yashi kuwa bai kai sau uku ba. Saboda haka mahaƙa sukan niƙa dutse ya zama gari, su wanke, mai nauyi ya kwanta a gindin kwano. Daga nan sukan zuba zaiba ta kama zinariyar, su gasa a wuta zaibar ta tashi ta bi iska. Zaibar nan ba ta ɓace ba. Hali kawai ta sake, daga mai gudana zuwa tururi, wanda ya shaƙe shi kuwa ya shaƙi guba.

Abin da rashin wannan sani ke jawowa ya bayyana a 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, yamma da Gusau. Dutsen da ake haƙowa a can gauraye ne: zinariya kaɗan, tare da dalma mai yawa wadda ke cikin haɗi da farar wuta da waɗansu sinadarai. Da yake dalmar tana ƙulle cikin haɗi, ba ta yi kama da dalmar da maƙera suka sani ba. Aka riƙa kai dutsen cikin gida ana dakawa, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yaro ya sa hannu a baka, ruwan cikinsa ya narkar da ƙurar, dalma ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. A watan Maris na shekarar nan likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Maganin da aka yi ma bisa rabe-raben nan ya tsaya. Tun da dalma tushe ce, ba wuta ko ruwan sama da zai hallaka ta, sai dai a kawar da ita. Don haka aka kankare ƙasar saman gidaje aka binne ta nesa da gari, aka zuba sabuwa. Aikin Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, sai a 2013 aka yi shi. Yaran kuwa aka ba su wani magani wanda ke ƙullewa da dalmar jini, su zama haɗi mai narkewa, ya fita cikin fitsari. Amma ɓarnar da ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa, magani ba ya mayar da ita.

Har wa yau, dutsen tozali da ake niƙawa a sa wa jarirai a ido, sau da yawa haɗin dalma ne da farar wuta. Lalle ya kamata malaman makarantun Gusau da Tsafe da Bunguɗu su koyar da rabe-raben nan uku da Hausa, da misalan sheƙa da tankaɗe da rairaya waɗanda kowane yaro ya sani. Yaron da ya gane cewa niƙa ba ta kashe dalma, sai dai ta ƙara mata sauƙin shiga jiki, ba zai yarda a kawo dutsen haƙa cikin gidansu ba.