Daidaita Adadi Zuwa Ninki Mafi Kusa a Jadawalin Lissafi na Kwamfuta

Tun da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a a Najeriya, kuma ƙananan takardun naira suka yi wuyar samu, farashi irin naira 1,237 ya zama abin da ake iya rubutawa amma ba a iya biya. Saboda haka masu ajiye lissafinsu a manhajojin jadawali, irin su Excel da Google Sheets, suna bukatar hanyar mayar da kowane adadi zuwa ninkin wata lamba, wato abin da ake samu idan aka riɓanya ta, kamar yadda 100 da 150 da 200 suke ninkin 50.

Umarnin da ke yin wannan aiki shi ne MROUND, wanda ya shiga cikin ainihin umarnan Excel tun fitowar ta 2007, kuma yana karɓar abu biyu: adadin da za a gyara, da lambar da ake neman ninkinta. Idan aka rubuta =MROUND(1237,50) za a sami 1,250, alhali 1,220 zai sauko zuwa 1,200; adadin da ya faɗa tsakiya daidai kuwa, irin 1,225, sama yake hawa. Sharaɗinsa shi ne kada ɗaya daga cikin lambobin ya kasance ƙasa da sifiri ɗayan kuma sama da shi, domin a nan saƙon kuskure yake fitarwa.

Sai dai ba kowane lissafi ne ke son mafi kusa ba. Maginin da aikinsa zai ci kilo 410 na siminti, wanda ake sayarwa a buhu mai kilo 50, idan ya bi MROUND zai sayi buhu 8 aiki ya tsaya masa. Abin da ya dace da shi CEILING ne, wanda kullum sama yake kai adadi, ya ba shi kilo 450, wato buhu 9. Mai gidan kaji da ya tara ƙwai 515 kuwa FLOOR yake bukata, wanda kullum ƙasa yake mayar da adadi, ya nuna masa 510, wato kiret 17 masu ƙwai talatin-talatin, da ragowar 5.

Abin da ya fi bukatar kula shi ne matakin da ake daidaitawar. Kaya uku masu farashin naira 1,225 kowanne, idan aka daidaita su ɗaya bayan ɗaya, za su tashi 3,750, amma idan aka fara tara su suka ba da 3,675, sannan aka daidaita jimlar, 3,700 mai saye zai biya. Wannan naira 50 haƙƙin wani ce, don haka adalci shi ne a bar adadi na asali a gurbinsa, a yi daidaitawa sau ɗaya a kan jimla, kuma mai saye ya san ƙa'idar da aka bi.