Ɗanki ya ji ciwo? Ba kowane kumburi ne abin tsoro ba

Uwargida, yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa, washegari kika ga wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau ɗumi. Kwantar da hankalinki. Jini ne ya ƙaru a wurin, ɗauke da fararen ƙwayoyin jini masu cinye ƙwayoyin cuta. Bayan kwana 2 zuwa 3 kumburin kan fara saɓewa, sabon nama ya tsiro ƙarƙashin ɓawon.

Naki aikin shi ne ki wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ki rufe da bandeji. Ban da toka ko man goge baki, balle ƙasa, wadda kan jawo tetanus.

Amma idan jan yana yaɗuwa, ko kika ga mugunya, wari ko zazzaɓi, ki kai shi asibiti a ranar.