Gidan da Babu Motar Zuwa

Kusan duk sabuwar gwamnati a Najeriya takan fara ne da sauya wa ma'aikatu fasali: a haɗe biyu, a tsaga ɗaya, a sake allon bakin ƙofa, a rantsar da sababbin kwamishinoni. Harkar gidaje tana cikin waɗanda aka fi yi wa wannan kai-komo. A 2015 Shugaba Buhari ya ɗora wa Babatunde Fashola wutar lantarki da ayyuka da gidaje a ma'aikata guda, a 2019 aka cire wuta, a 2023 kuma Shugaba Tinubu ya raba ayyuka da gidaje, ita ko sufuri tana can gefe duk tsawon lokacin. Jihohi ma haka suke yi. Amma tambayar da ta shafi talaka ba ta yawan ma'aikatu ba ce. Tambayar ita ce: wa ke da ikon hana yanka unguwa har sai an san motar da za ta kai mutane can, ta dawo da su?

Kano ta isa misali. A zangon mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya gina rukunan gidaje uku a bayan gari: Kwankwasiyya da Amana ta hanyar Zariya, Bandirawo ta hanyar Katsina. Gine-gine ne masu tsari, da tituna da magudanan ruwa. Duk da haka da yawansu sun yi shekaru a kulle, ciyawa na cin harabarsu, har sai da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ba masu su wa'adin su tare ko a karɓe. Za a ce tsada ce, da masu kuɗin da suka saya don ajiya, da rigimar siyasa tsakanin gwamnatoci, kuma duk akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai mai shago a Kantin Kwari ko malamin makaranta a Gwale lissafi yake yi kafin ya tare. Adaidaita sahu nawa zai hau da safe, nawa zai biya, yara su fa, wace makaranta? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya fi kowane lokaci nauyi. Gida mai rahusa a nesa yakan koma mai tsada idan aka tara kuɗin mota na wata goma sha biyu.

Galibin mutanen birnin ma ba a irin waɗannan rukunan suke zaune ba, a filayen awon igiya suke. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin mallaka a karkara, shi kuwa birni kullum cin karkara yake yi ta Kumbotso da Ungogo. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, mai unguwa ya shaida, a rubuta takarda. Kowane taku na ƙasa kuɗi ne, saboda haka ba mai son barin hanya mai faɗi. Bayan shekara goma sai ka ga unguwa ta cika maƙil, lungu ba ya ɗaukar adaidaita biyu su gitta, kwata na bin tsakiyarsa, mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi, motar kashe gobara kuwa tsayawa take yi daga nesa a ja mesa. Ranar da gwamnati ta so fitar da titi a nan, sai rusau da diyya da kuka. Icen da ba a tanƙwara yana ɗanye ba ke nan.

Duba yadda aka rarraba aikin. Masu kula da ƙasa ke ba da fili da takardar mallaka, hukumar tsara birane ta KNUPDA ke amincewa da tsarin gini, ma'aikatar ayyuka ke shimfiɗa kwalta da gadojin sama, ma'aikatar gidaje ke gina rukunai. Sai a bar wa 'yan KAROTA masu ba da hannu a titi, da sanda a hannu cikin rana, su warware cunkoson da aka ƙulla a ofisoshin da ba su taɓa shiga ba. Jigilar mutane kuwa, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, ta koma kusan kacokan kan 'yan adaidaita sahu, keken da ke ɗaukar mutum uku ko huɗu a birnin miliyoyi. Kowace hukuma na iya rantsuwa ta yi nata aikin, kuma ba za ta yi kaffara ba.

Masu cewa a haɗe su duka a ma'aikata ɗaya suna da hujjar rage kashe kuɗi. Amma rahoton Oronsaye na 2012, wanda ya ƙirga hukumomin tarayya 541 ya ce a rage, ya nuna wuyar abin: sai a Fabrairun 2024 aka sake ba da umarnin aiwatar da shi. Ko an haɗe, daraktan filaye da daraktan sufuri na iya zama a bene ɗaya ba wanda ya ga fayil ɗin wani. Legas wata hanya ta bi. A 2002 ta kafa hukumar LAMATA da doka, aka ba ta tsara sufurin birnin gaba ɗaya. Daga nan motocin bas na BRT suka fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, gwamnoni uku suka gaji tsarin bai mutu ba. Ita ma ba ta tsira ba, don LAMATA ba ta riƙe da fili: rukunan gidaje sun yi ta tsirowa a yankin Lekki zuwa Epe, kusan dukansu rataye a babban titi guda.

Abin da ya kamata jiha kamar Kano ta yi ya fi haɗe ma'aikatu sauƙi, ya kuma fi shi ciwo. Doka ta ce babu tsarin unguwa da zai sami hatimi, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, sai hukumar sufuri ta sa hannu kan faɗin hanya da wurin tsayawar bas da tasha. Babu kuma babban titin da za a ba da kwangilarsa sai an faɗi abin da za a gina a gefensa. Za a ce ƙarin sa hannu ƙarin ƙofar cin hanci ne, kuma zai ƙara tura talaka ga awon igiya. Wannan tsoro ne na gaske, shi ya sa dokar ba za ta yi aiki ba sai an sa wa hukuma wa'adin amsawa, an manna taswirar hanyoyin inda kowa zai gani, sannan gwamnati ta riga dillali isa gona. Ba sai ta zuba kwalta ba. Ta kafa turakun hanya, ta biya manomi diyyar wannan zirin tun yana gona, ta bar shi ya sayar da sauran. Diyyar gero da dawa ba ta kai ta gidan bulo mai ɗaki shida da iyali a ciki ba.